Yadda Lauya da Ɗan Kasuwa Za Su Tantance Ciniki Kafin Takunkumi Ya Riƙe Kuɗinsu

Duk mai fatauci ta Kamba, garin kan iyakar Kebbi da Nijar, yana tune da daminar 2023. Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, aka dakatar da hada-hadar kasuwanci da ta kuɗi, aka riƙe kadarorin gwamnatin Nijar da ke bankunan yankin, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a ɓangarorin biyu, kayan gwari suka lalace a cikinsu, waɗanda suka ba da kafin alƙalami suka rasa wanda za su kama da laifi. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024, sannan Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris.

Wancan takunkumin ana ganinsa da ido, domin ƙofa ce aka rufe kuma jami'i na tsaye a bakinta. Wanda ya fi yawan cin kuɗin 'yan kasuwarmu a yau ba shi da ƙofa. Suna ne a cikin wani jeri da kwamfutar banki take dubawa a daidai lokacin da kuɗi ke wucewa, kuma mai kuɗin ba ya jin labari sai wanda ya tura wa ya bugo waya yana cewa har yau bai ga komai ba. Saboda haka duk aikin da za a bayyana a nan kafin kuɗi su motsa ake yin sa, kuma a rubuce ake yin sa.

Mataki na farko shi ne a san takunkumin wa ya hau kan cinikin. Ga mutumin da ke zaune a Najeriya, abin da doka ta wajabta masa kai tsaye iri biyu ne. Akwai jerin sunayen Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda yake samun ikonsa daga Babi na 7 na kundin Majalisar, kuma a ƙarƙashin tsarin ƙuduri mai lamba 1267 na 1999 aka sanya Boko Haram a watan Mayun 2014, Ansaru ta biyo baya a Yunin shekarar, sai ISWAP a 2020. Akwai kuma jerin cikin gida. Dokar hana ta'addanci ta 2022 ta kafa Kwamitin Takunkumi na Najeriya, wanda Antoni Janar na Tarayya yake jagoranta, kuma kwamitin yana wallafa sunayen mutane da kamfanonin da aka haramta yin mu'amalar kuɗi da su. A 2024 har kamfanonin 'yan canji sun shiga ciki. A haɗa wannan da ƙungiyoyin da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana a matsayin na 'yan ta'adda: 'yan bindiga a Nuwamban 2021, da Lakurawa a Janairun 2025. Wannan na ƙarshen ya shafi Kebbi sosai, domin mai sayar da babura ko man fetur ko hatsi a kasuwar kan iyaka yana iya faɗawa laifin taimaka wa ta'addanci idan ya san inda kayansa za su, ko da riba kawai ya nufa.

Sauran takunkuman na ƙasashen waje ne, kuma a ƙa'ida ba dokar Najeriya ba ce. Amurka tana gudanar da nata ta ofishin OFAC da ke ƙarƙashin Baitulmalinta, Birtaniya tana da OFSI da ta kafa a 2016, Tarayyar Turai kuma tana da jerinta. Sau da yawa ɗan kasuwa yakan tambaye ni: "Barista, ni da ban taɓa taka Amurka ba, ina ruwan dokarsu da ni?" Amsar tana cikin hanyar da dala take bi. Idan bankinka na Birnin Kebbi ya tura dala zuwa Dubai ko Guangzhou, kusan kullum sai kuɗin sun ratsa ta wani banki a New York da yake riƙe wa bankinka asusu, kuma da sun ratsa sun shiga hurumin dokar Amurka. A ɓangaren tarar da ba ta manyan laifuka ba, OFAC ba ta buƙatar ta nuna cewa da gangan aka yi. Bankin BNP Paribas na Faransa ya biya kusan dala biliyan 8.9 a 2014 kan hada-hadar da ya yi wa Sudan da Iran da Cuba, kuma tun daga nan bankuna suka gwammace su ƙi kuɗin halal goma da su bar na shakka ɗaya ya wuce. Don haka a rubuta tun farko: da wane kuɗi za a biya, ta wane banki, kayan na wace ƙasa ne, kuma akwai Ba'amurke ko Bature ko kamfaninsu a cikin cinikin. Amsoshin nan huɗu su ne za su nuna jerin da za a duba.

A nan ya kamata a rarrabe tsakanin takunkumi da abubuwan da suka yi kama da shi. Rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi a Agustan 2019 matakin hana fasa-ƙwaurin shinkafa ne na cikin gida. Haka nan jerin ƙasashen da hukumar FATF, mai yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya, take sa wa ido, wanda Najeriya ta shiga a Fabrairun 2023 ta fita a Oktoban 2025, bai haramta ciniki da kowa ba, sai dai ya sa bankunan waje suka ƙara yawan tambaya.

Mataki na biyu shi ne a jera duk wanda yake da hannu a cinikin. Mutane sukan tsaya a kan mai saye da mai sayarwa, alhali a ciniki ɗaya na injin casar shinkafa daga waje za a sami dillalin da ya haɗa, da kamfanin da ya ƙera, da wanda ya rubuto takardar farashi, da bankin da za a biya, da kamfanin jirgin ruwa, da jirgin kansa, da mai inshora, da wakilin da zai fito da kaya daga kwastan a Apapa ko Kwatano, da ɗan canjin da ya samo dala. A karɓi cikakken sunan kowanne kamar yadda yake a fasfo ko a takardar rajistar kamfani, da ranar haihuwa, da ƙasa, da adireshi. Jirgin ruwa kuwa da lambarsa ta IMO, wato ta hukumar sufurin ruwa ta duniya, ake gane shi, mai lamba bakwai, domin ana iya sauya wa jirgi suna da tuta amma lambar ba ta sauyawa.

Na san wannan yana da nauyi a al'adarmu ta kasuwanci. Mutumin da ya shekara ashirin yana aika albasar Aliero kan amana, da waya ɗaya ake ɗora mota, yana jin kunyar ya ce wa abokin cinikinsa ya turo hoton fasfo. Hanyar da na ga ta fi sauƙi ita ce a ɗora wa banki: a ce banki ne ya nema, wanda kuma gaskiya ne, domin ko ba a tambaya yau ba zai nema gobe.

Mataki na uku, binciken sunaye, shi ne inda aka fi yin kuskure, kuma a nan zan daɗe. Jerin Majalisar Ɗinkin Duniya, da na Kwamitin Takunkumi na Najeriya, da na OFAC da ake kira SDN, da na Birtaniya da na Tarayyar Turai, duk suna intanet kyauta, kuma ana iya yin rajista domin a riƙa samun sanarwa duk lokacin da aka ƙara suna ko aka cire. Matsalar ita ce sunayenmu. Muhammad yana zuwa a matsayin Mohammed, Mohamed, Muhammadu, Mamman, a Nijar kuma Mahamadou ko Mamane. Abubakar yakan zama Aboubacar a takardun Faransanci, Usman ya zama Ousmane, Yusuf ya zama Issoufou. Mutum ɗaya yana iya amfani da sunan mahaifinsa a katin ɗan ƙasa, da sunan garinsu a asusun banki, da laƙabi a kasuwa. Wanda ya rubuta suna sau ɗaya a injin bincike bai ga komai ba ya rufe kwamfuta, bai yi bincike ba tukuna. A gwada kowane salon rubutu, a juya sunan farko da na ƙarshe, a cire Alhaji da Malam, a gwada laƙabin shi kaɗai. Injin binciken OFAC yana da ma'aunin kusancin suna da ake iya ragewa; a rage shi daga 100 domin ya fito da masu kama, sannan a tace da ido.

Akasin haka ma yana faruwa, har ya fi yawa: sunan mutumin kirki ya yi daidai da na wanda yake cikin jeri. Wani dattijo mai injin shinkafa ya taɓa shigowa ofishina da takardar banki a naɗe cikin aljihun rigarsa, ta jiƙe da gumi. Ya tura kuɗin kayan gyara, mako uku ba su isa ba, masu kayan suna barazanar sayar wa wani, ga shanshera ta fara shigowa daga fadama. Ya ce, "Barista, don Allah ka faɗa mini laifin da na yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, bari mu ga abin da suka rubuta." Layi biyu ne kawai daga bankin tsakiyar hanya: suna neman ranar haihuwa, da wurin haihuwa, da ƙasar mai turawa. Sunansa guda biyu sun zo ɗaya da na wani da ke cikin jeri, wanda aka haifa a wata ƙasa daban kuma ya girme shi da shekaru masu yawa. Takardar ta kwana goma a reshen banki ba wanda ya kira shi. Muka haɗa hoton fasfo da takardar rajistar kamfani da takardar farashin kayan da gajeriyar wasiƙa mai nuna bambance-bambancen ɗaya bayan ɗaya, kuɗin suka wuce. Tun daga ranar, duk wanda nake wa aiki mai suna irin wanda ya yawaita, nakan sa ya miƙa wa banki waɗannan takardu tare da buƙatar tura kuɗin, ba sai an tambaya ba.

Ka'idar tacewa ita ce a kwatanta ranar haihuwa, da ƙasa, da lambar fasfo, da adireshi, da laƙabin da jerin ya ambata. Idan sun saɓa a fili, a rubuta dalilin da ya sa aka yanke cewa ba shi ba ne, a sa kwanan wata da sa hannu, a buga shafin binciken a ajiye. Idan biyu ko uku sun dace, ko kuwa abokin cinikin ya ƙi ba da abin da za a kwatanta da shi, a tsayar da cinikin a nan.

Mataki na huɗu shi ne a gano masu kamfanin na ainihi. Kamfani yana iya kasancewa ba ya cikin kowane jeri amma takunkumi ya hau kansa ta hanyar masu shi. Ƙa'idar OFAC ita ce duk kamfanin da waɗanda aka sa wa takunkumi suka mallaki kashi 50 cikin 100 nasa ko fiye, kai tsaye ko ta wani kamfanin, shi ma takunkumin ya hau kansa, kuma ana haɗa hannun jarinsu: idan mutum biyu da ke cikin jeri suna da kashi 25 kowanne, an kai. Birtaniya da Tarayyar Turai sun ƙara da duba wanda yake juya kamfanin ko da jarinsa bai kai rabi ba, misali mai ikon naɗa daraktoci ko wanda ba a yanke shawara sai da yardarsa. Ga kamfanonin Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk mai kashi 5 cikin 100 ko fiye, kuma hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta buɗe rajistar masu wannan iko ga jama'a a 2023, don haka nan za a fara. Ga kamfanin waje, a nemi ya turo jerin masu hannun jari a rubuce da sa hannun darakta, a bi su hawa-hawa har sai an isa ga mutane masu suna da fasfo. Idan aka bi hawa uku har yanzu kamfani ake gani a bayan kamfani, kowanne a wani tsibiri, wannan kansa amsa ce.

Mataki na biyar, kaya da hanya. Wasu wurare takunkumin Amurka ya rufe su kusan gaba ɗaya, kamar Iran da Koriya ta Arewa da Cuba da yankin Crimea, yayin da a wasu, kamar Rasha tun 2022, bankuna da kamfanoni da kayayyaki aka zaɓa. Wannan ya shafi masu takin zamani, domin Rasha tana cikin manyan masu fitar da sinadarin taki a duniya. Amurka ba ta haramta takin Rasha ko alkamarta ba, har ta fitar da lasisi na gama-gari kan kayan noma, amma bankin da mai kayan ya ba ka yana iya kasancewa cikin waɗanda aka cire daga SWIFT, tsarin da bankunan duniya suke aika wa juna saƙon biyan kuɗi, a Maris ɗin 2022, ko jirgin ya kasance cikin jeri. Masu zinaren Yauri da na maƙwabtanmu na Zamfara kuwa su sani cewa duk mai saye na ƙwarai a Dubai zai tambayi ramin da zinaren ya fito da wanda yake iko da wurin. Alamun da ya kamata su tsayar da kai sanannu ne: a ce ka biya wani kamfani a wata ƙasa wanda ba shi ne ya sayar maka ba, a sauya asusu ana gobe za a biya, a roƙe ka kada ka rubuta sunan wata ƙasa a takardar banki, ko farashi ya yi arha fiye da hankali. Roƙon a goge sunan ƙasa shi ne mafi muni, domin yarda da shi yana mayar da kuskure laifin ganganci. A kuma tabbata abin da ke cikin Form M (takardar shigo da kaya) ko NXP (ta fitar da kaya) ya yi daidai da abin da ke takardar farashi da takardar lodin jirgi, kalma da kalma.

Mataki na shida aikin lauya ne tsantsa, wato rubuta yarjejeniya. Abin da ya cuci mutane a 2023 shi ne yawancin cinikayyar kan iyaka ba ta da takarda, masu takardar kuma ba su ce komai ba kan abin da zai faru idan hukuma ta hana cikawa. A sa sharaɗin da kowane ɓangare zai tabbatar cewa shi da masu kamfaninsa ba sa cikin jerin da aka ambata da suna, kuma zai sanar nan take idan hakan ya sauya. A ba kowane ɓangare ikon dakatarwa ko warware yarjejeniya ba tare da biyan diyya ba idan cikawa za ta saɓa wa takunkumi, a fayyace ko ana nufin na Najeriya da na Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai ko har da na Amurka da Turai, domin kotu ba za ta ɗauka dokar wata ƙasa uzuri ce ba idan ba a rubuta ba. A faɗi makomar kafin alƙalami, da wanda zai ɗauki asarar kaya masu lalacewa idan mota ta tsaya a iyaka, da kwana nawa za a jira kafin a warware, da kuɗin da za a koma biya da shi idan dala ta gagara. A hana sake sayar da kayan ga wanda ke cikin jeri. Ni dai na fi son a raba biya kashi-kashi gwargwadon isowar kaya, ko da mai sayarwa zai ɗan ƙara farashi.

Mataki na bakwai shi ne abin yi idan sunan ya tabbata. Idan mutumin yana cikin jerin Majalisar Ɗinkin Duniya ko na Najeriya, kuma kana riƙe da kuɗinsa ko kayansa, doka ta ce a riƙe su nan take ba tare da an sanar da shi tukuna ba, a kai rahoto ga Kwamitin Takunkumi, masu wajibin kai rahoton hada-hadar da ake zargi kuma su kai ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi ta Najeriya. Mayar masa da kuɗinsa domin a rabu lafiya, wanda shi ne abin da zuciya take fara rayawa, laifi ne, domin ka sadar da dukiya ga wanda aka hana. Tsegunta masa cewa an kai rahoto shi ma laifi ne. Riƙewa kuma ba ƙwacewa ba ce: dukiyar tasa ce har yanzu, motsa ta aka hana. Idan kuwa a jerin OFAC kaɗai yake, ba ka da ikon riƙe masa dukiya da dokar Najeriya, abin da za ka yi shi ne ka janye bisa sharaɗin yarjejeniya. Kuɗin da bankin Amurka ya riga ya toshe ba sa fitowa sai da lasisi na musamman daga OFAC, wanda ake nema a rubuce kuma yakan ɗauki watanni. Wanda aka sa sunansa bisa kuskure yana da hanyar neman a cire shi: ta Kwamitin Takunkumi a gida, ta ofishin mai shiga tsakani na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙuduri na 1904 ya kafa a 2009 ga jerin 1267, ko ta takardar koke ga OFAC.

Abokan aikina lauyoyi su lura cewa sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake wakilta ba komai yake rufewa ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta cire wannan kariya a harkar saye da sayar da fili ko gida ko kasuwanci, da riƙe kuɗin wanda ake wakilta, da buɗe masa asusu, da kafa masa kamfani, kuma ƙa'idojin aikin lauya na 2023 sun ɗora mana wajibin tantance wanda muke yi wa aiki. Dokar ta 2022 ta kuma hana biyan tsabar kuɗi da ya wuce naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta hanyar banki ba, abin da masu cinikin filaye a unguwannin Gesse da Badariya na Birnin Kebbi suke yawan mantawa. Dillalan gidaje da na motoci da masu zinare kuma sai sun yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC.

Abin da ya rage shi ne ajiya da maimaitawa. Dokar Najeriya ta ce a ajiye takardun shekara 5 aƙalla, OFAC kuma ta mayar da nata wa'adin shekara 10 tun Maris ɗin 2025, don haka mai ciniki da dala ya ɗauki 10. Jerin sunayen suna sauyawa kusan kowane mako, har ƙasa sukutum takan fita, kamar yadda Amurka ta soke babban takunkuminta kan Siriya a ƙarshen Yunin 2025, kuma Nijar da kanta ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Binciken da aka yi ranar sa hannu bai wadatar da ranar biya ba. A fayil ɗin kowane ciniki nakan manna takarda ɗaya a cikin bango mai layi uku: ranar sa hannu, ranar lodi, ranar biya. Kowane layi yana da gurbin sunayen da aka duba, da jerin da aka duba, da sa hannun wanda ya duba, kuma akawuna ba ya kai takardar tura kuɗi banki sai layi na ukun ya cika.